Ta'aziyya a Bakin Tekun Wakra

Baballe ya kusa shekara a kabari lokacin da mahaifiyarsa ta sauka a Doha da hularsa a jaka, zanna bukar sabuwa dal, an naɗe ta a leda.

Korona ce ta ɗauke shi, a ƙarshe-ƙarshenta, sa'ad da mutane suka fara sauke takunkumi zuwa haɓa suna cewa ciwon ya wuce. Makanike ne a wani gareji a Sana'iyya, unguwar ma'aikata. Yayarsa Hafiza, likitar yara, ita ta kawo shi ƙasar, ita kuma aka kira daga asibiti. A wannan makon mahaifiyarsu, Inna Atine, tana kwance a Zariya, hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki. Sai kawunnai suka rufe ƙofa suka yanke hukunci: ba a faɗa wa tsohuwa mutuwar ɗa a waya, kuma ba 'ya ke faɗa ba. Babba ne zai zo, ya zauna, ya yi nasiha, sannan ya faɗa. A bari ta warware. Ta warware, aka ce a bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, aka ce a bari Hafiza ta zo. Hafiza kuwa ba hutu, gasar ƙwallon duniya ta ƙarato. Kowa ya kira abin tausayi. Ba wanda ya kira shi tsoro.

Abin da aka gaya wa Inna shi ne an tura Baballe wani sansani a cikin hamada, gyaran motocin gasa, inda ba a barin waya. Dama shi ba mai yawan kira ba ne.

Da abin ya ƙi ƙarewa, Abdulfatah, mijin Hafiza, ya ce a kawo ta nan, Malam Nababa, dattijon Hausawan Doha, ya faɗa mata. Malam ya zo gidansu a Aziziyya, ya gaishe ta, ya sha shayi, ya ja Abdulfatah gefe ya ce, "A bari ta huta gajiya tukuna."

To me za a yi da tsohuwa mai tambaya, a cikin gida, daga safe har yamma? Sai aka shiga yawon buɗe ido da ita.

Aka kai ta kasuwar Wakif, ta ga shaho a rufe da 'yar hular fata, ta ce, "Shi ma an rufe masa ido don kada ya tada hankali ko?" Aka kai ta ganuwar Zubara can arewa, ta tsaya cikin iska tana kallon kango. Aka kai ta tsohuwar fadar da ke tsakiyar gidan tarihi. Inna ta yi shekaru tana shugabantar makarantar 'yan mata, ba a yi mata bayani ta gyaɗa kai kawai. Ta shafa bangon fadar da tafin hannu.

"Wannan shafen bai girmi aurenku ba," in ji ta. "An ce tsohuwa ce, amma ko ƙamshin hayaƙi babu. Ina aka kai mutanen gidan?"

"Sun tashi tuni, Inna," in ji Abdulfatah.

"Haka nan. Gida ya yi kyau, babu kowa." Ta juya ga Hafiza. "Ke, yaushe ne hutun ƙanen naki?"

Ke. Haka take kiranta tun haihuwa, ko ta ce 'yar nan. Hafiza 'yar fari ce, kuma Inna ba ta taɓa bari sunan ya fito daga bakinta ba, ko a gaban malamai, ko ranar aure. Tana yarinya abin ya yi mata ciwo. Da ta girma ta gane cewa a cikin wannan "ke" ɗin aka ɓoye duk son da ba a faɗa.

"Sai an gama gasa, Inna."

"Ni kuma kafin a gama zan koma."

Duk inda suka je, jakar tana hammatarta, hular tana ciki, ko Allah zai sa a yi kiciɓis. Bayan kowace salla Hafiza tana jin ta ta bango: Allah ka tsare Baballe da sharrin ƙarfe, ka ba shi mace ta gari, ka dawo da shi gida lafiya. Hafiza, wadda ta sha tsayawa gaban iyayen da ba ta sani ba ta faɗa musu abin da ya fi wannan, sai ta shige banɗaki ta kunna famfo.

Ranar da suka je Wakra, garin masunta na bakin teku, ranar wasan Ghana ce. Tsohuwar kasuwar ta cika da tutoci da ganguna. Jiragen katako suna kwance a kan yashi, an yi musu fenti don masu hoto. Suka sama wa Inna benci a inuwa, Abdulfatah ya tafi sayo shayi.

"Dakta! Dakta Hafiza!"

Wani dogon mutum ne ya ratso taron, da rigar 'yan wasan Ghana da tuta a wuya. Hafiza ta gane shi. Abass ne, ɗan Zangon Kumasi, wanda suka yi ɗaki ɗaya da Baballe. Shi ya kawo mata akwatin Baballe bayan rasuwar.

"Abass, muna sauri ne, sai mun yi waya," ta ce tana miƙewa don ta tare shi.

Amma idonsa ya riga ya kai kan tsohuwar. Goshin nan, wushiryar nan.

"Maman Baballe ke nan?"

Bai jira amsa ba. Ya cire tutar daga wuyansa, ya tuɓe takalma a kan yashi, ya durƙusa har ƙasa. An yi masa tarbiyya: wanda ya haɗu da wanda aka yi wa mutuwa karo na farko, ko bayan shekara goma ne, ko a tsakiyar kasuwa, ba ya buɗe baki da wata magana kafin gaisuwa.

"Mma, ya hankuri? Allah shi jiƙan Baballe. Allah shi sa ya huta. Wallahi mutumin kirki ne."

"Da godiya," in ji Inna. Bakinta ne ya amsa, kamar yadda ya saba amsawa a zaman makoki. Can baya ganguna suna ta tashi.

Hafiza ta jira faɗuwar da aka shekara ana tsoro. Hannunta har ya kai ga tsintsiyar hannun Inna. Inna ta janye. Ba ta faɗi ba, ba ta sume ba. Ta karanta Innalillahi har ƙarshe, a hankali, ta dubi Abass.

"Yaushe?"

Ya dubi Hafiza, ya dubi tsohuwar, fuskarsa ta sauya. "Subhanallahi. Mma, ni na ɗauka..."

"Ba ka yi laifi ba, ɗana. Yaushe?"

"Kafin azumin da ya wuce."

"Kana wurin?"

"Ba su bari mun shiga ba. Amma na yi masa salla. Mu kaɗan ne, nesa-nesa da juna."

"Ya sha wahala?"

"Ya ce in gaya miki..." in ji Abass. "A waya ne, numfashi ba ya isa. Ya ce Inna ta yafe masa rashin kira."

Abdulfatah ya iso da kofunan shayi, ya tsaya turus. Ya fara cewa su Kawu ne suka ga ya dace, saboda jikinta. Inna ta ɗaga masa hannu.

"Jikina ga shi nan zaune." Ta buɗe jaka, ta fito da ledar, ta miƙa wa Abass da hannu biyu. "Karɓi. Kai ka yi masa salla, kai ka yi mini gaisuwa."

Sannan ta juyo. Idonta a bushe.

"Azumi guda na yi ina roƙa masa mata. Na tashi a goman ƙarshe ina cewa Allah ya tsare shi da sharrin ƙarfe. Yana kwance a ƙasar mutane yana jiran uwarsa ta ce Allah ya jiƙansa, sau ɗaya, ni kuwa ina zaɓa masa zaren hula. Wa zai mayar mini da wannan azumin?"

"Inna, tsoro muka ji kada..." in ji Hafiza.

"Na sani. Kun ji tsoro." Ta dafa bencin ta miƙe da kanta. "A kai ni inda yake."

"Inna, ai mata ba sa shiga maƙabarta," in ji Abdulfatah a hankali.

"Haka aka ce. An kuma ce ba a faɗa wa tsohuwa mutuwa. Abass, ka san hanya?"

"Na sani, Mma."

Ta yi taku biyu, ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Hafiza," in ji ta, sarai, kamar mai kiran sunan ɗaliba a aji. "Ki koma gida ki haɗa mini kayana."