Hoton Kan Baba

Ƙarfe biyu likitocin ƙwaƙwalwa za su zauna, kuma sau ɗaya suke zama a wata. In hoton ƙwaƙwalwar Baba da na'ura ta ɗauka bai isa gare su ba, sai wani watan, ga mantuwarsa kullum gaba take yi.

Tun ƙarfe goma Yaya ya fara tura hoton ta kwamfuta. To, Yaya da haƙuri ko a hanya ba su taɓa gaisawa ba. Da ya ga shuɗin layin nan mai nuna tafiyar hoton ya yi kamar ya tsaya, sai ya soke, ya kashe akwatin intanet, ya kunna, ya koma farko. Sau uku fa!

Na ce, "Haba Yaya, ka bar shi ya tafi mana!"

"Ke rufe min baki. Jiya cikin minti goma na sauke fim. Wannan ya fi fim ne?"

Na zauna, na tashi, na leƙa Baba a kujerarsa ta bakin taga, na dawo. Wallahi tsoro ya cika ni. Da abin ya ishe ni na ruga na kira maƙwabciyarmu mai gyaran kwamfuta.

Ta duba, ta danna lissafi a wayarta. "Saukewa daban, turawa daban. Layinku ƙofar shigarsa babba ce, ta fita kuwa 'yar mitsitsiya. Hoton nan giga uku ne, zai ci awa ɗaya da minti arba'in. Da kun ƙyale na farko, ai da tuni ya isa."

Muka kalli agogo tare. Ɗaya da kwata. Sauri ya haifi nawa!

"Asibitin minti nawa ne a babur?" in ji ta, tana soka ɗan filash na kwafar bayanai a kwamfutar.

"Ashirin da biyar."

"To babur ya fi layinku gudu."

Kafin minti biyar ta kwafe. Yaya ya fizga ya fita, takalmi wari da wari.

Baba ya bi shi da kallo ta taga. "Wane ne wancan mai gudu haka?"

Na ce, "Ɗanka ne, Baba. Babban."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi labarin baƙo. "Allah sarki. A ce masa ya bi a hankali, yana da iyaye."