Motar Yaya Tana Jan Dama

Tayoyin gaba suna reto a sama, jar motar ta buɗe ciki kamar dabbar da aka rataye za a feɗe. Auta ta tsaya a bakin ramin gareji, ta rungume jakarta, tana kallon tsohon bakaniken da kowa ke kira Baba Sifana yana girgiza tayar dama da hannu ɗaya. Tayar ta yi ƙwas-ƙwas, shi kuma ya yi tsaki.

Motar ta yayanta ce, 'yar gajera mai ƙofa biyu, irin wadda in aka taka ta maƙwabta ke leƙowa ta taga suna Allah ya isa. Yaya ya yi mata hidimar da bai taɓa yi wa jikinsa ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tafi, ya bar wa Auta makulli.

A cikinta ya koya mata tuƙi. Ita kuwa Auta akwai son tsakiyar titi, sai ka ce gadonsa ta ci. Duk sanda ta fara sulalewa hagu, wajen motocin da ke tahowa, Yaya ba ya tsawa. Daga kujerar gefe zai miƙo yatsu biyu ya ɗora a ƙasan sitiyari, ya ja dama kaɗan, yana ci gaba da labarinsa kamar ba shi ba.

Bayan rasuwarsa sai motar ta fara jan dama da kanta, a hankali, daidai irin jan yatsun nan biyu. Ranar farko ta kasa duban kujerar gefe. Daga baya ta saba, har takan ce, na gani, Yaya, na gani. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san me za a ce ya same ta. Amma har ga Allah daɗi take ji. Innarsu ce ta tona asirin motar, ranar da ta shiga ta ga sitiyari yana kakkarwa a hannun 'yarta. Ta ce ita ba ta da sauran ƙarfin wani zaman makoki, ko a gyara ko a ajiye.

Baba Sifana ya fito daga rami yana goge hannu, ya ce ƙafar gaba duk ta gaji. Robobin ƙafar sun cinye, shokuzoba mai tare girgiza ta zubar da mai, sandar da ke haɗa sitiyari da tayar dama kuma ta lanƙwashe, ita ke jan motar. Sannan ya nuna mata wasu kwalaye a kan wata kantar kaya, ƙura ta rufe su. Ya ce Yaya ne ya yi odarsu, kayan ƙafa irin na motocin tsere, masu tauri, ya ce a ajiye masa sai ya warke su ɗaura tare. Baba Sifana bai taɓa buɗe su ba.

Auta ta daɗe tana kallon kwalayen.

"Baba, ba za a canza sauran a bar wannan ɗin ba?"

"Wanne?"

"Wanda ke ja."

Tsohon ya dube ta, ya dubi kujerar gefe ta gilashi, kuma bai tambaye ta dalili ba.

"'Yar nan, ƙarfen da ya lanƙwashe karyewa zai yi wata rana, kuma ba zai yi miki sallama ba. Yayanki da kansa ya sayi sabon."

Ta zauna a benci. Ta ga an kwance noti bayan noti, an zare tsohuwar sandar baƙa ƙirin da giris, an sa sabuwa mai sheƙi. Da ya sauke motar, Baba Sifana ya ɗauko zare ya ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba, ya durƙusa ya rufe ido ɗaya, yana murɗawa yana dubawa, har tayoyin suka tsaya a layi. Haka yake aiki, kuma ba ya jefar da tsohon kaya, mai mota yake mayar wa. Ya naɗe sandar a jarida ya ajiye mata a kujerar gefe.

"Motar ta miƙe," in ji shi, yana ba ta makulli. "Saura hannunki. Ki bi a hankali."

Ta hau doguwar hanyar da Yaya ke kai ta koyo. Motar ta kwanta a titi luf, babu kakkarwa, babu ƙwas-ƙwas, sitiyari yana bin hannunta kamar ya san abin da ke ranta. Da Yaya ya ji wannan da ya yi ta cika baki har a gaji da shi. Ta ƙara wuta.

Abin da ba ta sani ba, tun da motar ta fara jan dama, hannunta ya saba danna sitiyari hagu don ya tare ta. Yanzu babu mai ja, hannun kuma bai daina ba. Farin layin tsakiya ya shige ƙarƙashinta. Wata babbar mota ta taho tana danna ham, tana kunna fitilu, Auta kuwa tana jira, wallahi jira take yi, yatsu biyu su sauka a ƙasan sitiyari.

Ba su sauka ba. Ita ta fizge shi dama, iskar babbar motar ta mari gefenta ta wuce.

Ta gangara bakin titi ta kashe injin. Fizgar ta jefar da sandar daga kujera zuwa ƙasa, jaridar ta warware. Auta ta sunkuya ta ɗauko ta, ta mayar da ita kan kujerar, ta ja bel ta ɗaura mata. Sannan ta tayar da mota, ta riƙe sitiyari da hannu biyu.