Kyamarar Auta

Mai shago ya ɗora kyamarori biyu a kan gilashin kanta, ya ja baya ya harɗe hannuwa. Ɗaya babba ce, baƙa, mai dogon baki da ake kwancewa a sauya, irin wadda masu hoto ke ratayawa a wuya. Ɗayar kuwa ba ta fi sabulun wanka ba. Auta ta sa hannu biyu ta ɗauki babbar. Nauyin ya zauna mata a tafi daidai yadda take tunawa.

"Wannan ita ce ta masu farawa," in ji mai shago. "Amma duk wurin aikin da kika shiga da ita, ba mai raina ki."

Yaya Babba ko kallon babbar bai yi ba. Ƙaramar ya ɗauka da yatsu biyu yana jujjuyawa, yana gyaɗa kai kamar wanda ya san kan abin, alhali ko hoton waya in ya ɗauka sai ka tarar ya yanke wa mutane kawuna.

"Kai, wannan ta yi kyau," ya ce. "Auta, dubi 'yar dagwas."

Auta ba ta duba ba. Ta riga ta fahimci inda aka dosa.

Shekarar da ta gama koyon ɗaukar hoto ce Mama ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Yayyenta biyu suka ce Auta ta ɗan zauna da ita kafin a ga yadda hali zai yi, tunda ita ce ba ta kama aiki ba tukuna. Wannan "ɗan" shi ya cinye shekaru. Ita ke wanka, ita ke juyi, ita ke ba da magani, ita ta san bambancin tarin ƙishirwa da tarin neman hira. Sai ga shi makon jiya malamin da ya koya mata hoto ya kira ta, ya ce gurbi ya samu a situdiyonsa. In tana so ta zo ranar Litinin da kyamararta, amma ta aiki, ba ta wasan yara ba. In ba ta zo ba zai ba wani, don akwai masu jira.

Da ta faɗa wa yayyenta, kowa ya yi murna. Yaya Babba ya ce sayen kyamara nasa ne. Yayarta Anti Malama, wadda ke koyarwa a firamare, ta ce za ta riƙa zama da Mama da safe, matar Yaya kuma da yamma. Aka yi ta Allah ya sanya alheri.

To, amma a gidansu ba a cewa a'a. Tun zamanin marigayi Baba haka abin yake: in ba a yarda da buƙatarka ba, ba za a hana ka ba, kyauta za a yi maka. Lokacin da Yaya Babba ya so tafiya aikin jirgin ruwa, tebur da kujera Baba ya saya masa, aka ajiye a shagon gida. Da Anti Malama ta samu makaranta a nesa, keke aka saya mata, sabo fil, wanda ba ya kai mutum ko'ina sai makarantar unguwa. Kowa ya karɓi nasa ya yi godiya, don wa zai yi faɗa da kyauta? Yau ga ta Auta a hannun Yaya Babba, 'yar dagwas.

"Me za ki riƙa ɗauka?" mai shago ya tambaye ta. "Shi ne zai raba gardama."

"Hotunan gida ne," in ji Yaya Babba.

"Aiki zan yi da ita," in ji Auta.

Mai shago ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya gane ya taka abin da ba nasa ba. Ya yi gyaran murya ya koma kan hajarsa. Babbar, in ji shi, tana son mai natsuwa, tana son jaka, tana son hannu biyu, amma ko a ɗaki mai duhu za ta fitar da fuska tas. Ƙaramar kuwa ba ruwanta da wahala. Aljihu take shiga, da hannu ɗaya ma sai ki danna.

"Kin ji ko?" Yaya Babba ya ce. "Hannu ɗaya."

"Ɗayan hannun kuma me zan yi da shi, Yaya?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ajiye ƙaramar a kan gilashi. Auta ta rage murya.

"Yaya, maganar Litinin tana nan?"

"Tana nan mana. Wa ya ce ba ta nan? Sai dai kin san an sauya wa Antinki jadawalin aji. Ita kuma matar gidan ciwon bayan nan nata ya taso. Amma za a duba. Ai ba gudu ake ba."

Za a duba. Ta san wannan maganar kamar yunwar cikinta. Ta ji shagon ya yi mata ƙunci, fankar sama tana juya iska mai zafi, kyamarori jere a bango duk sun zuba mata ido. Ta ji tausayin kanta, ta kuma ji haushin jin tausayin. Da a gida ne da tuni ta ce to, Allah ya saka. Amma a nan akwai baƙo, Yaya Babba kuwa mutum ne mai gudun a ga gazawarsa a gaban baƙo. Ita ma 'yar gidan ce, ta san inda ake kama kowa.

Ta ɗaga murya yadda mai shago zai ji. "Yayana ya yi mini alkawarin babbar. Shi kuwa ba ya magana biyu. A sa mana ita a kwali."

"Ai da gani babu tambaya," in ji mai shago, ya riga ya juya wajen kanta.

Yaya Babba ya laluba aljihu. Ya ciro katinsa na banki ya miƙa, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Mai shago ya sauko da sabon kwali liƙe da tambarinsa, ya zura a leda, ledar ma ba ta rufe shi duka ba.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Cunkoso ya riƙe su a kan gada, gaba mota, baya mota, masu talla suna ƙwanƙwasa gilashi. Auta ta rungume kwalin a cinya. Daɗi take ji, irin wanda ta manta ɗanɗanonsa. Tana ta lissafa kayan da za ta sa ranar Litinin, da motar da za ta hau, da yadda za ta gaida malaminta ba tare da ta yi kuka ba.

"Kina ganin ni ne mugu," Yaya Babba ya ce, idonsa a kan motar gaba.

"Ban ce ba."

"Jiya Mama ta kira ni, lokacin kina wanki. Ba ta ce kada in saya ba. Kin san ba za ta ce ba." Ya murza sitiyari duk da ba inda za shi. "Tambayata kawai ta yi, wai su kyamarorin nan babu ƙanana ne?"

Auta ta juya ta kalli waje. Motar gaba ta matsa kaɗan, su ma suka matsa.

Sun tarar da Anti Malama a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, takalmi a ƙafa. "Kun daɗe! Tun ɗazu nake duba agogo. Iye, wannan uban kwali fa? Auta an zama manya!" Ta biyo su ciki tana dariya, ba ta dai sauke jakar ba.

Ɗakin Mama yana nan yadda yake, warin man zafi da na ledar katifa, faranti cike da kwalaben magani, labule a ɗage rabi. Kallo ɗaya Auta ta yi ta ga aikin Anti. Matashin da ake tokare kafaɗar hagu da shi yana ƙarƙashin ƙafa. Kofin ruwa kuma an ajiye shi a teburin hagu, ɓangaren da ba ya motsi. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne kawai.

Mama ba ta kalli fuskar kowa ba. Ledar ta kalla, da kwalin da ya leƙo daga cikinta. Ta daɗe tana auna shi da ido. Sannan ta yi murmushi da rabin bakin da ke amsa mata.

"Babba ce," ta ce a hankali, harshen yana ja. "Madalla. Allah ya sa albarka, Autata. Allah ya ba da sa'a."

"Amin, Mama."

Auta ta ajiye kwalin a kan kujera. Yaya Babba ya tsaya daga bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. Anti Malama ta fara ba da labarin sabon shugaban makarantarsu, wanda ba wanda ya tambaye ta.

Sai Mama ta yi ɗan tari, tarin ƙishirwa. Auta ta jira ta ji "Auta, ruwa," kamar kullum. Ba a kira ta ba. Mama ta ɗaga hannun dama ta tsallaka da shi ƙirjinta, tana miƙawa wajen teburin hagu. Jikin ya ƙi bin hannun. Ta cije leɓe ta ƙara miƙawa, yatsun suna rawa, suka taɓa bakin kofin. Kofin ya kife, ruwa ya bi zanin gado ya gangara ƙasa.

Auta ta zabura. Mama ta ɗaga mata hannu tana haki.

"Bari. Bari, zan koya. Kafin Litinin zan koya."

Auta ta durƙusa ta ɗauki kofin. Ta zuba wani ruwan, ta tallafi kan Mama da hannu ɗaya, ta kai mata kofin baki da ɗayan. Mama ta sha tana kallon rufi, ta ƙi yarda su haɗa ido. Auta ta so ta yi fushi da wani, ta duba ɗakin kaf ta rasa da wa.

"To, mu ga abin mana, kafin in wuce," in ji Anti Malama. Ta ɗauko almakashi daga farantin magani, ta jawo kwalin, ta kai tsinin kan tambarin.

"Anti, bari," in ji Auta, ba ta ko waiwayo ba, tana goge wa Mama haɓa. "Kada ki yanke. In aka yanke ba sa karɓar canji."