Zon Ruj a Wayar Mijin Rashida

Ya Fanna ba ta taɓa kallon surukinta ido da ido ba. Ta san takalmansa na roba, ta san tarin da yake yi a zaure don ta gyara mayafi kafin ya shigo. Sunansa Muhsinu, amma ita ba ta kama sunan, a bakinta shi mijin Rashida ne. Da safe ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu, magana ta ƙare ke nan sai gobe. Haka ta tarar ana yi tsakanin suruka da suruki, kuma duk unguwar babu wadda ta kai ta tsare wannan kunya. Har taƙama take yi da ita.

Mutumin Damasak ne. Ya tsallako kogin Komadugu da rigar jikinsa lokacin da garinsu ya watse, ya zauna a Diffa yana gyaran waya a bakin kasuwa, har ya auri Rashida, 'yar da ta rage wa Ya Fanna a gida tun rasuwar mijinta Grema. Ya Fanna ce ta ba su ɗakin baya, aka ja zana tsakani. Yanzu cikin Rashida ya tsufa, kuma abin da tsohuwar ke roƙo kullum shi ne ta ji kukan jikan nan a tsakar gidanta.

A shekarun nan kunnen kowa a Diffa ya ƙara tsawo. An hana babur, an hana zuwa wurare da yawa a bakin kogi, kuma wuraren da aka hana suna da suna guda, zon ruj, wato jan yanki. Har tsofaffin da ba su taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba sun iya wannan Faransancin. A layin bayansu an taɓa yin wani ɗan haya mai fara'a da yawan gaisuwa, ashe labari yake kai wa 'yan bindigar daji. Ranar da asirinsa ya tonu har mai gidan aka haɗa aka tafi da shi, an kuma daɗe kafin a sake ganinsa.

Wata rana bayan la'asar Rashida ta tafi awon ciki. Ya Fanna tana zaune a gindin zana tana tsintar busasshen tattasan da ƙaninta ya aiko daga Shetimari, sai ta ji muryar surukin a ɗaya gefen, yana waya ƙasa-ƙasa.

"A'a, Ɗalha, kada ka kusanci zon ruj, nan suke jira. Ka bi ta ƙasa, gefen hagu, can ba su da ƙarfi. Ni haka na yi jiya, na kashe uku a jere."

Hannunta ya tsaya cikin faifai. Ɗalha ƙaninsa ne, wai yana sansanin 'yan gudun hijira na Sayam. Wai, don ita ba ta taɓa ganinsa ba. Ta kasa kunne, sai ta ji yana cewa waccan hanyar ta gaji, sun gane ta, a canza wata. Tsoro ya kama ta.

Washegari ta tare Rashida a gaban turmi, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iso ga maganar. Rashida ta tuntsire da dariya. Ta ce wasa ne a cikin waya, wasan Amurkawa mai suna besbol, ɗaya ya jefa ƙwallo ɗaya ya doke ta da sanda. Wani ma'aikacin agaji ne da ya kawo gyara ya saka masa. Ya Fanna ta tambaye ta ko ta taɓa gani da idonta. Rashida ta ce ita ina ruwanta da shiriritar maza. To, amsar da ta ƙara lalata lamarin ke nan. Namiji da gemu, matarsa na shirin haihuwa, a ce wasa yake? Kuma yarinyar da ke son mijinta, ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa za ta gyaɗa kai.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci ya bar wayar tana shan caji a jikin ɗan farantin sola a tsakar gida. Ya Fanna ta zagaya ta sau da yawa kamar mai neman allura, sannan ta sa ɗan yatsa ta taɓa. Gilashin ya kawo haske. Ta ga murabba'i an yanka shi gida-gida kamar gurbin dara, wasu gidajen ja, wasu shuɗi. A gefe ga wasu sanduna a kwance, wata cike, wata rabi, wata saura kaɗan. A sama kuwa hoton wani ƙato ne da hula mai baki irin ta soja. Ba ta iya karatu ba, amma ta taɓa ganin taswira a bango wurin rabon abinci, kuma ta san ma'anar ja a kanta.

Abin haushin shi ne, tambaya guda ce tsakaninta da gaskiya, kuma daga murhunta zuwa tabarmarsa ko tsallen akuya bai kai ba. Amma yaya suruka za ta buɗe baki ta ce wa mijin 'yarta, zo nan, mene ne wannan? Ta gwada a zuci, kunya ta rufe ta tun kafin ta miƙe. Zuwa wurin bulama ya fi mata sauƙi. Ka ji aikin ɗan Adam.

Bulama Alkali, mai unguwarsu, yana zaune a rumfarsa. Ta ce masa shawara ta zo nema, ba ƙara ta kawo ba. Ya ce ai ya gane. Sai ya sa ta maimaita kalmomin, ya sake sa ta maimaita, yana motsa leɓɓansa a bayanta kamar mai hadda. Da ta miƙe ya ce ta bar masa komai, ta je ta kwantar da hankalinta. Tun a hanyar komawa jikinta ya yi sanyi. Ta manta cewa bulama ma yana da nasa wuyan da yake karewa, kuma an gargaɗe su kada su riƙe irin wannan magana ko da na yini ɗaya.

Washegari da hantsi jandarma biyu suka yi sallama. Ba su yi wa kowa tsawa ba. Suka ce Muhsinu ya ɗauko wayarsa ya biyo su, mai gidan ma ta zo. Rashida ta zauna daɓas a ƙasa riƙe da ciki, sannan ta tashi ta jawo mayafi ta ce ba wanda zai bar ta a baya. Kowa a layin ya san cewa wanda aka ɗauka da irin wannan zargi, in bai wanke kansa a nan ba, sai Yamai babban birni, kuma daga can ba a sa ranar dawowa.

Jami'in da ya karɓe su sunansa Jibirin, Badamagare ne mai jajayen idanu saboda rashin barci. Benci ɗaya ne a ofishin. Karon farko ke nan da Ya Fanna ta zauna a wuri guda da surukinta, Rashida a tsakaninsu. Jibirin bai ɓata lokaci ba. Ya ce an ji shi bayan la'asar yana cewa kada a kusanci zon ruj, a bi ta ƙasa gefen hagu, shi ya kashe uku a jere. Ya faɗi kalmomin daidai, ko ɗaya bai kuskure ba. Ya ajiye wayar a tebur ya ce a yi masa bayani.

Muhsinu ya ɗauki wayar. Ya buɗe wasan, ya matsa gaba daga shafin da Ya Fanna ta gani, sai ga fili kore da mutum riƙe da sanda. Ya ce shi ne mai jifa, kuma aikinsa kada mai sandar ya samu ƙwallon. Murabba'in nan shi ne gaban mai sandar, inda ƙwallo za ta bi. Jan gida wurin da hannunsa ya fi ƙarfi ne, shuɗin gida kuwa inda yake kuskurewa. Kowane mai sanda da nasa zanen, shi ya sa ake duba hotonsa tukuna.

"Su kuma sandunan nan na gefe?" in ji Jibirin.

"Ranka ya daɗe, kowane irin jifa da tasa. Wannan mai gudu ce, wannan mai lanƙwasa, wannan mai yaudara, ta taho kamar da ƙarfi sai ta lafa. In jifar tana ci, sandarta ta cika. In aka doke ta, ko ka cika maimaita ta har suka gane, sai ta ragu. In ta ragu, ko ka auna shuɗi sai ta zame maka cikin ja."

Jibirin ya ce ya jefa cikin ja ya gani. Ya jefa, ƙaton ya make ƙwallon ta fice daga fili, wayar ta ɓarke da ihun 'yan kallo, sandar mai gudu ta ja baya a gaban idon kowa. Jibirin ya ce to ya jefa shuɗi. Ya jefa ƙasa gefen hagu, mai sandar ya kaɗa iska. Da ya kaɗa iska sau uku sai ya saɓa sandarsa ya fita. Muhsinu ya ce wannan shi ne kisan. Shi bai san yadda ake faɗi da Hausa ba, sai ya ɗauko kalmar da yara ke faɗi a wasan ƙasa. Zon ruj kuwa a Diffa ya koya, ya ga ta dace da jan gida.

Ya Fanna tana leƙe ta gefen mayafi. Abin ya shige ta sarai, ita da ba ta san baƙi ba, har ta ga tun kafin ya faɗa cewa mai lanƙwasa ce ya kamata ya jefa na gaba. Bayanin gaba ɗaya bai kai tsawon dahuwar shayi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Jibirin bai gamsu nan take ba, aikinsa ke nan. Ya sa a kira Ɗalha a buɗe murya, kada a gaya masa inda ake. Da aka ɗauka, ko gaisuwa yaron bai gama ba ya shiga ƙorafi, wai sandar mai yaudararsa ta ƙi cika tun jiya, duk wanda ya jefa wa sai ya kaɗa ta waje. Jibirin ya kashe wayar, ya rufe fuska da tafin hannu yana dariyar gajiya. Ya tambayi Muhsinu me ya haɗa babba kamarsa da wannan abu. Muhsinu ya ce tun da aka kashe mahaifinsu a gaban Ɗalha yaron ya daina magana, sai ya yini a tanti yana kallon ƙasa. Wasan nan ne kaɗai ke buɗe masa baki, shi ya sa yake kiransa kullum.

Aka miƙa masa wayarsa aka ce su tafi. A bakin ƙofa Rashida ta tambaye shi a hankali wace rana ce ya yi waccan maganar, a kasuwa ne ko a ina. Ya ce a gida ne, ranar da ta je awo. Rashida ta juyo ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta wuce gaba.

Muhsinu bai yi faɗa ba, bai canza fuska ba. Da safe ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum. Sai dai kafin mako ya zagayo Ya Fanna ta ga ana naɗe tabarmi a ɗakin baya, ana ɗaure tukwane cikin zane. Ya samu wuri a motar da ke zuwa Sayam. Rashida ce ta gaya mata, a tsaye, ta ce akwai asibiti a sansanin, can za ta haihu.

Ranar tafiyar Ya Fanna ta zagaya zanar. Ta tsaya a gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi. Ashe yana da tabo a gira, ashe yaro ne ƙwarai.

"Muhsinu," ta ce, sunan yana mata nauyi a harshe. "Ni ce. Tsoro ne ya sa ni. Ka yi haƙuri ku zauna, ko zuwa suna ne."

Ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai. Ya juya fuskarsa wajen matarsa.

"Rashida, ki gaya wa Inna na gode da ɗakin da ta ba mu. Ki ce mata ban riƙe ta ba. Amma ni baƙo ne a garin nan, in aka sake kira na ba lalle in dawo ba."

Rashida ba ta maimaita ba, don uwar ta riga ta ji. Ta ɗora ƙunshin tukwanen a ka, ta dafa bayanta da hannu ɗaya, ta bi mijinta zuwa zaure.