Akwati Shida a Mararraba

Na ce wa Kawu ya zo tun gari bai gama wayewa ba. Sai da rana ta haura katangar gidanmu sannan na ji ƙarar a-kori-kurarsa a ƙofa.

"Batir ne ya ƙi tashi," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Sai da aka tura ni. Ina fasinjojin naki?"

Fasinjojin nawa ƙudan zuma ne, akwati shida. Tun da na gama karatun aikin gona ban samu aiki ba, su nake kiwo a bayan gida, ba ni da wani abin da zan nuna in ce nawa ne sai su. Ana nan ɗaya ta harbi jikan maƙwabcinmu a fatar ido, aka kai ƙara. Jami'in tsafta ya zo ya ce ko in kwashe su, ko ya turo masu feshi. Wuri ɗaya na samu da ba wanda zai kore ni, can gindin tsauni, inda hanyar mota take ƙarewa ta ƙafa ta ɗauka. Babu gida ko ɗaya a wajen, bishiyoyi kuma suna fure.

Tun da asuba na toshe bakin kowane akwati da raga. Umma tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallon mu muna lodi.

"Ke 'yar nan, da kin bari an fesa musu kin huta," ta ce. "Mu ma mu sha iska a tsakar gida kamar mutane."

"Ku sha iskarku, Umma, ga shi na kwashe."

Muka ɗaure akwatunan da igiya, na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, na cika jarka biyu da ruwa.

A mararraba Kawu ya taka birki. Ta hagu kwalta ce, tana zagayawa ta cikin gari, ta ratsa kasuwa, ta haye gadar da ake gyara kafin ta juyo wajen tsaunin. Ta dama kuwa tsohuwar hanyar masu fasa dutse ce, gajera, amma duk gargada.

"To, Hajiyar ƙudaje, ina muka nufa? Ni dai motata ta ce kwalta."

Na sauka, na kara kunne a jikin akwati na farko. Kukansu ya riga ya canja, ya yi tsini. In aka rufe zuma a akwati, zafin jikinsu kaɗai ya isa ya sa kakin ya yi laushi, balle an haɗa da rana. In muka tsaya a cunkoson gada, za su dahu a ciki. In kuma muka bi gargada, saƙar zumar da ta yi laushi za ta iya ɓallewa ta danne su. Da Kawu ya zo da sanyin safiya, kakin yana da tauri, da ban ma tsaya tunani ba. Ban faɗa masa haka ba. Ƙanin uwata ne, kuma shi kaɗai ya yarda ya ɗauko motarsa.

"Kawu, ya gadar take da safe?"

"Wata rana ka wuce kamar iska, wata rana ka tsufa a wajen. Hannu ɗaya suka buɗe."

"Yau fa?"

"Ni boka ne?"

Na tsayar da wani mai babur da ya fito daga ta hagu. Ya ce shi dai ya kutsa ya wuce, bai lura da motoci ba. Na tambayi wata mai sayar da ruwa a gindin bishiya, ta ce ta ji an ce tirela ta lalace a kan gadar, amma ba ta sani ba ko jiya ne ko yau. Ina ta tambaya, rana tana ta hawa.

"Ta dama za mu bi," na ce.

"Kin san rabon da a bi hanyar nan?"

"Ka tafi a hankali kawai. Ni zan hau baya."

"In tayata ta fashe, su za su yi mini faci?"

Na sa rigar aiki da hular raga, na hau baya, na zauna tsakanin akwatunan, na tokare biyu da ƙafafu, na rungume biyu, sauran suna jingine da bayana. Kawu ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tafiya yake kamar mai ɗauke da mara lafiya. Amma kowane dutse sai na ji shi a haƙorana, kuma tafiyar a hankali ta sa gajeriyar hanyar ta zama doguwa. Buhunan suka bushe, na jiƙa su, suka sake bushewa. Jarka ɗaya ta ƙare. Makogwarona ya bushe ƙamas, ban sha ko kurɓi daga ta biyun ba.

Ragar wani akwati ta zame, suka fara fitowa. Na danne ta da tafin hannu. Suka harbe ni ta cikin safar hannu, a wuyan hannu, a gwiwa inda rigar ta manne da fata. Ban ɗaga hannun ba. Kawu ya leƙo ta taga.

"Kina da rai?"

"Tuƙa dai, Kawu."

Muka iso wani kwazazzabo da ruwan bara ya yanka a tsakiyar hanya. Babu wajen juyawa, dutse ta nan, rami ta can. Muka sauka muka jera duwatsu a ciki, ni da shi, hannuna yana kumbura ina ɗauka. Na koma cikin akwatunan, tayoyin gaba suka haye lafiya. Ta baya ta hagu ta zame daga kan duwatsun, motar ta faɗa gefe guda, ta sake miƙewa. A bayana na ji wani abu mai nauyi ya sulale a cikin akwati, sannan wani. Ba a jima ba zuma ta fara bin ƙasan motar, ta jiƙa mini wando, tana ɗiga ta ƙofar baya a kan ƙasa. Kukan da ke bayana ya yi ƙasa, ya yi ƙasa.

Kawu ya tsayar da mota, ya zagayo, ya ga abin da ke ɗiga. Bai yi barkwanci ba.

"Mu tsaya ki duba?"

"In na buɗe a nan, waɗanda suka rage za su watse. Mu ƙarasa."

Hanyar ta ƙare a wani ɗan fili mai tsakuwa. Daga nan sai siririyar hanyar ƙafa da ta shige cikin bishiyoyi ta hau sama. Wajen yana da sanyi da inuwa, furanni farare sun rufe rassa, akwai ƙaramin ruwa yana gudu. Daidai yadda na so musu.

Muka sauke su a inuwa, na buɗe ɗaya bayan ɗaya. Na farko, saƙar duk ta zube ƙasa, ƙudajen sun nutse a cikin zumarsu, baƙi ƙirin, wasu suna ɗan motsa ƙafa. Na biyu haka. Na uku da na huɗu haka. Na biyar ina ɗaga murfi suka tashi gaba ɗaya, suka yi dunƙule a sama, suka bi saman bishiyoyi, ban ga inda suka sauka ba.

Na shida yana da rai. Na durƙusa ina ɗaga gutsattsarin saƙa a hankali, ina neman sarauniya, don in babu ita sauran ba su da gobe. Na same ta a kusurwa, wani gutsuren kaki ya raba cikinta. 'Yan aikin suna kewaye da ita suna lasar ta. Na ɗauki kowane gutsure na ɗaga shi ga haske, ko zan ga sabon ƙwai da za su reni wata da shi. Idona ɗaya da suka harba ya kumbura ya rufe, da ɗayan na duba. Ɗakunan ƙwan duk zuma ta cike su.

Kawu ya zauna a kan dutse daga nesa, ya tuɓe hula.

"Da kwaltar muka bi ma, wa ya sani," ya ce. "Wataƙila har yanzu muna kan gada."

Na mayar da murfin akwatin. Ba na son a lallashe ni, kuma har yau ba wanda ya iya gaya mini ko tirelar nan jiya ta lalace ko ranar.

Na gyara wa na shidan zama a gindin bishiya, na buɗe musu ƙofa, na ɗora dutse a kan murfin don iska. Za su yi ta fita suna kawo abinci har su ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sauran biyar ɗin na kai su bakin ruwa, na kwashe gawarwakin da hannu, na wanke katakon tas. Kawu ya ce in bar su nan, me zan yi da akwati babu kowa a ciki. Na ɗauke su da kaina na jera a mota, na ɗaure da igiya.

Na shiga gaba na zauna, hannuna ba ya ko lanƙwasuwa. Kawu ya tayar da mota, ya daɗe yana kallon gabansa.

"Ta ina za mu koma?"

"Duk ta inda ka ga dama, Kawu."