Ƙwayoyin da Gwaggo Ta Ƙona

…har da robar, Basiru. Har da robar Gwaggonka ta jefa a murhu. Ƙwayoyin asibiti, jajaye da farare, na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, na wata guda cur — ga ƙauri nan ya cika tsakar gida. Kai kana kasuwar Ɗanbatta da buhunan gyaɗarka, ni ina nan da taɓarya.

Gero nake dakawa. Geron ne kuwa?

Ga ta can gindin darbejiya, ta ba ni baya, tana ɓarar gyaɗa. Taku huɗu tsakaninmu. Ƙeyarta 'yar ƙarama, kamar ƙoƙo. Bugu ɗaya… Astagfirullah. Ɗaya tak.

Wai ƙwayoyin ke kumbura ɗa a ciki, in ji ta. Wai su suka kashe na bara. Malamar asibiti ta ce a'a, ciwon sukari ne, irin na masu juna biyu, shi ke ƙara wa jariri ƙiba. Ki bar zuma, ki rage fura, ki riƙa shan waɗannan kullum. Gwaggo kuwa kowace safiya kunu da zuma — shanye, Ummu Salma, mai ciki ba ta gardama da ƙwarya. Na shanye. Da wane bakin zan musa wa wadda ta goyi mijina?

Ranar haihuwar bara, kan ɗan ya fito, kafaɗa ta ƙi. Gwiwar Gwaggo a kan cikina. Reza. Jini yana bin daɓe har bakin ƙofa… sai ƙas, kamar an karya karan dawa. Ƙashin ɗana ne. Ko kuka bai yi ba. Ka ɗauke shi a tabarma, ka ce akwai nauyi. Iyakar abin da ka ce ke nan.

Wannan ma ga shi yana harbi. Wata bakwai, ciki kamar na tara. Ƙishirwa ba ta ƙarewa. Inda na yi fitsari tururuwa ke taruwa.

Taɓarya ta tsaya a sama. 

To amma… ai ina tsaye a wurin ɗazu. Ina kallo ta zaro robar daga ƙarƙashin katifa, ta nufi murhu a hankali, tana jan ƙafarta mai ciwo. Taku biyu da na cim mata. Ban motsa ba. Da robar ta fara narkewa sai wani abu ya sauka a ƙirjina — sanyi, Basiru. Sauƙi na ji.

Ashe ni ma ban sani ba. Zumar ce, ko ƙwayoyin… ban san wanne ya kashe mini shi ba.