Saura Tukunya Huɗu

Tun a gida na faɗa wa Baba, gidan zuhudun nan na cikin daji ba a zuwa masa a tsakiyar Agusta. Ƙarshen Oktoba ake zuwa, da sanyin safiya, ganye ya zube, ba abin da kake ji sai ƙararrawa da ƙamshin itacen wuta. Baba ya kafe. Shekara talatin da ɗaya rabonsa da magana da ƙanensa Pahomi, tun da Pahomi ya shiga zuhudu ya ƙi fitowa jana'izar mahaifiyarsu. Yanzu ciwo ya cinye Baba, yana so su shirya, kuma wai sai ranar idin Maryamu da ake yi a tsakiyar Agustan, da ragon bakance a bayan mota.

"Ke dai tuƙa, Nevena," in ji shi. "Tun kina jaririya kike yamutsa fuska."

Mun isa rana ta take tsaka. Tun kafin ƙofa wari ya tare mu. An yanka raguna sun fi hamsin a bayan katanga, jini na bin kwata, fatu da kayan ciki jibge cikin rana, ƙuda ya rufe su baƙi ƙirin. A marmaron da ake cewa yana warkarwa, wani ƙato ya tsoma ƙafarsa mai gyambo, wata mata kuma tana ƙasa da shi tana cika kwalba za ta kai wa jikoki. Bishiyar gefen duk an ɗaure ta da safa da tsoffin bandeji, kowa ya rataye cutarsa ya tafi. Gilashin hoton Maryamu kuwa ya yi maiƙo da leɓunan masu sumbata. Na toshe hanci na wuce.

Ba a cin naman sai an sa wa kowace tukunya albarka, sai muka tsaya kusa da tukwanen. Can ga Baffa Pahomi, gemu fari fat, yana tafe yana addu'a yana yayyafa ruwa da damin ɗoɗɗoya. Ya zo kanmu, ya yayyafa wa Baba, ya miƙa masa hannu ya sumbata kamar kowa, ya wuce. Bakinsa bai daina motsi ba.

"Ka gani ko? Ko kallo ba ka ishe shi ba," na ce wa Baba.

"Mu ɗan jira," in ji Baba. "Zai gama."

Daidai nan wani mashayi ya sheƙa amai a kan takalmina. Shi ke nan, na kai maƙura.

"Baba, tashi. Wannan ba wurin magana ba ne, mahauta ce. Oktoba zan kawo ka, ku zauna ku biyu kamar mutane."

Ya dube ni, bai yi musu ba. Na bar wa masu yanka ragon, na riƙo hannunsa zuwa mota.

Ranar ashirin ga Satumba muka binne shi.

Ƙarshen Oktoba na je ni kaɗai, da sassafe. Komai yadda na faɗa: hazo cikin itatuwa, marmaro garau, ba ƙuda ko ɗaya. Na sami Baffa yana share ganye a tsakar gida. Na gaya masa ko ni wace ce, na gaya masa rasuwar. Ya jingine tsintsiya.

"Na gan shi, 'yata. Tun daga nesa na gane yayana Trifon. Ba a yanke addu'a a tsakiya, tukunya huɗu suka rage mini. Ina gamawa na zubo romo kwano biyu, na yi ta zagaye da su har suka huce."

Duk ƙyamar da na ji ranar idin ba ta kai wadda na ji wa kaina ba.

"Me ya kore ku?" ya tambaya.



"Ƙuda, Baffa."